Tiyon Kuloci Mai Saƙar Ƙarfe: A Ɗaura a Gida Ko a Bari?

Tun da kamfanin Mazda ya fito da ƙaramar motarsa mai kujera biyu, MX-5, a bikin baje kolin motoci na Chicago a watan Fabrairun 1989, ta zama ta hannun daman masu son taɓa inji da kansu. A Amurka Miata suke kiran ta. A Hiroshima ake ƙera ta, kuma a shekarar 2016 aka fitar da cikon ta miliyan ɗaya. Yawanta da sauƙin kwance ta sun sa mutane da dama a Amurka da Ingila da Japan suna gyaran ta a ƙofar gida ranar hutu. Cikin ayyukan da suka fi yi mata akwai wanda har yau ba a daina jayayya a kansa ba, wato cire tiyon roba da ke kai mai zuwa kuloci a maye gurbinsa da tiyo mai saƙar ƙarfe. Masu Nissan 350Z da masu BMW su ma suna yi. Wasu na cewa gyara ne mai araha da ke sa ƙafar direba ta san halin da kuloci ke ciki. Wasu kuma na cewa ɓarnar kuɗi ce, har ma da janyo wa lafiyayyar mota ciwon da ba ta da shi. Kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi, kuma ya kamata a saurari kowa kafin a ɗauki sifana.

Abin da ake taɓawa

A irin waɗannan motoci mai ne ke tura kuloci, ba waya ke jan sa ba. Idan direba ya taka feda, tana tura fistin a cikin kulocin sama, wanda ke manne a bangon da ya raba inji da mazaunin direba. Fistin ya matsa mai, mai ya bi siririn bututun ƙarfe ya gangara zuwa kulocin ƙasa da ke jikin giyabos, shi kuma ya tura sandar da ke raba faifan kuloci da inji. Ƙa'idar da Bafaranshen nan Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17 ce ke aiki a nan: ruwan da aka kulle, in aka matsa shi ta gefe guda, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. Amma fa sai in babu iska a cikin ruwan, kuma bangon da ya kulle shi bai ba da kai ba.

Inji da giyabos a kan robobi suke zaune, suna girgiza suna ɗan karkatawa duk lokacin da aka taka totur, alhali jikin mota yana tsaye cik. Da bututun ƙarfe zalla aka haɗa su, da ya karye. Shi ya sa aka sa guntun tiyo mai lanƙwasuwa a tsakani. Na kamfani roba ne da aka ƙarfafa da zaren saƙa. Wanda ake sayowa a ɗaura kuwa, cikinsa sinadarin PTFE ne, wanda aka fi sani da Teflon, wanda Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont a 1938, sannan aka lulluɓe shi da saƙar ƙarfen da ba ya tsatsa. A kan wannan guntun tiyo ake duk wannan muhawara.

Hujjar masu cewa a sauya

Babbar hujjarsu kumburi ne. Duk wanda ya taɓa toshe bakin tiyon ban-ruwa da yatsa ya ji yadda jikinsa ke cika a hannu. Tiyon kuloci ma yana yin haka, ko da ido ba ya gani. Tafiyar sandar kulocin ƙasa a yawancin motoci ba ta fi santimita biyu ba, don haka duk man da ya tafi wajen kumbura tiyo an rage shi ne daga wannan 'yar tafiya. Idan kuloci bai saki sosai ba, giya ta ɗaya takan yi taurin shiga, ribas ya yi ƙara, kuma wurin da kuloci ke kamawa ya riƙa sauyawa tsakanin sanyin safiya da zafin rana. MX-5 ta farko ta haura shekara talatin a duniya. Robar da ta sha zafin inji tsawon wannan lokaci ba za ta kasance yadda ta fito daga Hiroshima ba. Tunda dole a sauya ta, in ji su, me zai hana a sa wadda ba ta kumbura?

Masu MX-5 ta farko da ta biyu suna da ƙarin dalili. A ƙarshen tiyon roba akwai wani bututun ƙarfe da aka murɗe shi zagaye-zagaye kafin ya shiga kulocin ƙasa. Sun daɗe suna kukan cewa iska na maƙalewa a cikin murɗin, kuma ɗaura notinsa a wannan matsattsen wuri kan ci wa mutum rabin yini. Dogon tiyo ɗaya mai saƙar ƙarfe yana kawar da robar da murɗin a lokaci guda. Mahaɗa ta ragu, wuraren da mai zai iya yoyo sun ragu, cire iska ya yi sauƙi.

Hujja ta uku zafi ne da danshi. Man da ake zuba wa kuloci man birki ne, kuma ɗabi'arsa ce shan danshi daga iska. Dokar Amurka da ta tsara wannan mai ta ce sabon mai irin DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, iyakar ta sauko zuwa 140. DOT 4 kuwa daga 230 yake saukowa zuwa 155. Danshi na ratsa jikin roba a hankali, Teflon kuwa da ƙyar yake ba shi hanya. A Nissan 350Z layin kuloci yana wucewa kusa da salansa, kuma masu kai ta filin tsere sun san abin da ke biyo baya idan tsohon mai ya ɗau zafi: mai ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, sai feda ta nutse ƙasa ta ƙi dawowa. A wurinsu sabon tiyo da rigar kare zafi da mai mai jure tafasa rigakafi ne.

Sai maganar yin aikin a gida. Kuɗin aikin bakanike a Amurka da Turai sau da yawa yakan zarce kuɗin tiyon kansa. Kayan aikin ba su da yawa: sifanar da aka yi musamman don notin bututu, wadda ke rungumar noti kusan ta kowane gefe, ƙaramar sifana ta notin fitar da iska, siririn tiyo garai-garai, kwalba, da gwangwanin sabon mai. Sai mutum na biyu. Ɗaya yana kujerar direba, ɗaya yana ƙasa kusa da kulocin ƙasa. Na ƙasa ya ce, "Taka." Na sama ya taka sau uku ya riƙe. Na ƙasa ya ɗan sassauta noti, baƙin mai ya feso cikin tiyo da ƙananan kumfa a jere, feda ta faɗi ƙasa. Ya ɗaure noti kafin ya ce, "Saki." Na sama ya sa hannu ya ɗago fedar, ya leƙa kofin mai ya ƙara masa, domin in kofin ya ƙafe an sake shigar da iska, aiki ya koma farko. Haka za a yi ta maimaitawa har man da ke fitowa ya zama garau, babu kumfa ko ɗaya. Wanda ya yi wannan da hannunsa ya fahimci motarsa fiye da wanda ya karanta littafi goma a kanta, kuma ranar da kuloci ya yi masa gardama a hanya ya san inda zai fara dubawa.

Hujjar masu cewa a bari

Na wannan ɓangare suna farawa da tambayar da ke da wuyar kaucewa: daɗin da ka ji a ƙafarka bayan aikin, daga ina ya zo? Babu yadda za a sauya tiyo ba tare da an zubar da tsohon mai, an zuba sabo, an cire iska ba. Abu uku aka sauya a lokaci guda, amma yabon duka sai ya tafi ga wanda aka biya kuɗi aka saya, mai ƙyalli. Matsin da ke cikin layin kuloci bai kai na birki ba, tiyon kuma gajere ne, saboda haka kumburin lafiyayyen tiyon roba kaɗan ne ƙwarai. Da mai motar ya tsaya a sabon mai da cire iska kawai, in ji su, da ya sami mafi yawan abin da yake murna da shi. Da kuma ya sa sabon tiyon roba na asali, da wuya ƙafarsa ta bambance shi da na ƙarfe a tuƙin yau da kullum.

Hujjarsu ta biyu ita ce ana yawan yi wa ciwo maganin da ba nasa ba. Feda mai laushi ko giya mai taurin shiga sun fi fitowa daga robobin cikin kulocin sama ko na ƙasa da suka cinye. Gwajin ba shi da wuya. A leƙa ƙarƙashin sitiyari inda sanda ke shiga kulocin sama, in akwai laima a wurin ko fenti ya tashi, to daga nan ne. A janye robar da ta rufe bakin kulocin ƙasa, in mai ya zubo, shi ne mai laifi. A taka feda a riƙe cikin giya, in mota ta fara jan jiki a hankali, mai na zamewa ta bayan fistin. Babu tiyon da zai gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ta uku, tiyon ƙarfe yana da nasa sharri. Saƙar tana da kaushi, kuma tunda inji ba ya daina girgiza, duk abin da ta jingina da shi sai ta ci shi: fenti, wayar lantarki, wani tiyon, har da alminiyam. Ƙarfe ne kuma, yana ɗaukar wuta. A MX-5 kulocin ƙasa yana maƙwabtaka da sitata, wadda babbar wayar batir ke ɗaure a jikinta kai tsaye, kuma tsiraren tiyon ƙarfe da ya taɓa wannan wuri zai iya tayar da gobara. Roba idan ta tsufa tana nunawa, za ka ga tsagewa ko ƙullutu ko laima. Teflon kuwa a ɓoye yake. In ya lanƙwashe fiye da kima ya yi rauni a ciki, ko ƙasa ta shiga tsakaninsa da saƙar tana goga shi, ba za ka sani ba sai ranar da ya fashe.

Ta huɗu, bakin tiyo. A nan ne masu aikin gida suka fi faɗawa rami. Motocin Japan galibi suna amfani da noti mai milimita 10 da bakin bututu mai buɗewar digiri 45. Motocin Turai da yawa suna da wani salon baki mai kumburi. Kayan tsere kuma suna bin tsarin AN, wanda ya samo asali daga sojojin Amurka zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, mai buɗewar digiri 37. A ido duk kusan ɗaya suke, wani ma zai ɗauru a kan wani, amma ba zai toshe mai ba. Mutum ya ga ɗigo sai ya ƙara ɗaurewa, har haƙoran noti su cinye a jikin kulocin sama. Daga sauya tiyo an koma sayen sabon kuloci. Inda kuma ake amfani da noti mai huda da washar jan ƙarfe biyu, washar sau ɗaya ake matse ta, wanda ya mayar da tsohuwa ya gayyaci yoyo.

Akwai kuma abin da masu BMW ke haɗawa da wannan aiki. A E46, wadda aka fara fitarwa a 1998, da wasu 'yan'uwanta, kamfanin ya sa wani ɗan ƙaramin matsi a mashigar kulocin ƙasa da ke rage saurin komawar mai, domin kuloci ya kama a hankali ko da direba ya saki feda farat ɗaya. Ƙwararrun direbobi sun tsane shi, suna cewa yana raba ƙafa da abin da kuloci ke yi, yana kuma sa faifai zamewa. Da sun zo sauya tiyo sai su cire shi. Masu adawa na tunatar da su cewa ba a banza aka sa shi ba: yana rage dukan da ke sauka a kan giyabos da farfela da aksul. Wanda ya cire shi ya ɗauki nauyin wannan kariya a ƙafarsa.

Auna hujjojin

A ganina, masu cewa a bari sun yi gaskiya a kan tushen daɗin da ake ji. Mafi yawansa daga sabon mai da cire iska yake zuwa, kuma wanda ya sayi tiyo yana tsammanin motarsa za ta ƙara gudu ko kuloci ya ƙara riƙo, ya yi kuskuren fahimtar aikin tiyon. Sun kuma yi gaskiya cewa kaushin saƙa da bambancin bakin noti haɗurra ne na zahiri.

Sai dai haɗurran nan duk suna da magani sananne. Ana sayar da tiyo mai rigar roba a kan saƙar, wanda ba ya cin maƙwabcinsa kuma ba ya barin ƙasa ta shiga. Ana sayar da wanda aka yi wa takamaiman mota, da bakin da ya dace da ita, an matse shi da injin masana'anta. Ana cire kan batir kafin a fara. Ana ɗaure tiyo a maƙalansa, a bar masa ɗan sako-sako don motsin inji, a nisanta shi da salansa da sandar sitiyari. Ana fara ɗaura kowane noti da yatsu har ya yi zagaye da yawa kafin a sa masa sifana. Hujjar da ke gushewa da zarar an yi aiki da kula, gargaɗi ce ga mai gaggawa, ba ta isa ta haramta aikin ba.

Masu cewa a sauya kuma sun fi ƙarfi a wurare uku: motar da tiyonta ya tsufa har sauyi ya zama dole, motar da layinta ke shan zafin salansa kuma ana kai ta filin tsere, da MX-5 mai murɗaɗɗen bututun nan. A waɗannan wurare tiyon ƙarfe yana maganin matsalar da ake iya nunawa da yatsa.

Game da yin sa a gida, akwai hujjar da ake yawan kawowa cewa ai kuloci ba birki ba ne, in ya lalace mota ba ta rasa tsayawa. Haka ne, amma a yi hattara da ita. Idan tiyo ya fashe mota tana cikin giya an taka feda a bakin danja, kuloci zai kama nan take, mota ta yi tsalle gaba, kuma mai tsallaka titi ba ruwansa da bambancin kuloci da birki. A BMW irin su E36 da E46 kuma kofi ɗaya ne ke ba birki da kuloci mai. An ɗaga mafitar kuloci sama a jikin kofin domin yoyonsa kada ya ƙarar da na birki, amma duk abin da ka zuba a ciki birki ma ya sha. Wanda ya zuba DOT 5, mai sinadarin silikon da ba ya gauraya da DOT 3 ko 4 ko 5.1, ya jawo wa layukan biyu matsala. Wanda ya yi kuskure ya zuba man inji ko man sitiyari kuwa ya kumbura robobin birkinsa gaba ɗaya.

Akwai kuma motocin da aikin ke wuce ƙarfin ƙofar gida. A 350Z daga 2007 da kuma 370Z, kulocin ƙasa a cikin ƙoƙon giyabos yake. Sauya tiyon waje mai yiwuwa ne, amma idan shi kansa kulocin ne ke yoyo, sai an sauke giyabos. Wannan aikin gareji ne mai rami ko injin ɗaga mota.

Maganar ta shafe mu ta wata fuska. A Abuja da Kaduna da Kano akwai matasa masu sha'awar wasan mota, kuma tsofaffin BMW masu giyar hannu na cikin abin da suka fi nema. Salon da suke sa mota ta zame a kwana yana buƙatar taka kuloci a sake shi da ƙarfi, wanda ke gasa mai da faifai, kuma wurinsa keɓaɓɓen fili ne, ba titin jama'a ba. Motocin sun tsufa kafin su iso mana, zafinmu ya fi na inda aka ƙera su, damina na ɗura wa mai danshi, hunturu na cusa ƙura a kowace kafa. Ta wannan fuska hujjar sauyawa ta fi ƙarfi a wurinmu. Amma hujjar hattara ma ta fi ƙarfi. Tiyon da ba a san wanda ya matse bakinsa ba, ko wanda aka haɗa da guntayen kayan injin noma, ya fi tsohuwar robar kamfani haɗari. Gwangwanin man birki da ya daɗe a buɗe a kan kanta ya riga ya sha danshi tun bai shiga mota ba. Araha ba ta ado a nan. Mafi muni shi ne al'adar shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ko a tokare ta da bulon siminti, wanda ke farfashewa ba tare da gargaɗi ba. Yawancin abin da aka lissafa a wannan muhawara asarar kuɗi ce ko ta lokaci, wannan kuwa asarar rai ce.

Matsayata

Ina goyon bayan a yi aikin a gida, amma a bi shi daki-daki. A fara da abin da ya fi araha: a zubar da tsohon mai, a zuba sabo daga rufaffen gwangwani irin wanda aka rubuta a murfin kofi, a cire iska, a tuƙa motar mako guda. BMW da kamfanoni da dama suna so a sauya man birki duk shekara biyu, kuma akwai motocin da nasu na kuloci ya yi shekara goma ba a taɓa ba. In matsalar ta tafi, an huta. In ba ta tafi ba, a duba kulocin sama da na ƙasa. In su ma lafiya suke, ko tiyon ya nuna tsufa, ko motar ta filin tsere ce, to a sayi tiyo mai riga wanda aka yi wa wannan mota, daga masana'antar da ta sa sunanta a jikinsa. Ɗan matsin BMW kuma kada a cire shi don an ji wasu sun cire, sai wanda ya yarda da ƙafarsa kuma ya shirya biyan kuɗin farfela.

Kafin a kwanta ƙarƙashin mota a tabbatar tana kan ƙafafun ƙarfe na tokare a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, an sa wa tayoyin baya waigi, inji ya huce, an kare idanu, kuma akwai ruwa a kusa don wanke man da ya ɗiga a fenti, domin yana cin sa. Bayan an gama a taka feda da ƙarfi a riƙe, wani ya haska kowace mahaɗa da tocila, sannan a sake dubawa bayan tafiyar farko. Wanda ba shi da waɗannan kaya, ko ba shi da abokin aiki, ko ba shi da haƙurin ɗaura noti da yatsu, ya kai wa bakaniken da ya amince da shi, ya tsaya a gefensa ya kalli yadda ake yi. Hakan ma koyo ne, kuma a karo na gaba zai iya da kansa.